Jujin Bayan Ɗakin Inna

Jega,
Nuwamba, 1993.

Zuwa ga Yayana Abdulmumin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, ina fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rahama da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka cikin nema, ya tsare ku da sharrin hanya da na baƙon wuri. Ya kasuwa, ya kuma zaman Anacha? Mu nan Jega sai godiyar Allah. Maigidana Malam yana lafiya, ciwon idon da ya dame shi bara ya yi sauƙi har ya koma kan keken ɗinkinsa. Yara ma lafiya, ban da tari da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙarshen damina. Gero ya yi bana daidai gwargwado, dawa ce ba ta yi yadda aka so ba don ruwa ya ɗauke da wuri. Inna tana nan wurina tun tsakiyar damina, tana ci tana sha, ƙafar ce dai sai a hankali. Dalilin zamanta wurina shi ya sa na ɗauki biro, don na san abin da ya iso kunnenka ta bakin direbobin albasa guntu-guntu ne, wani ma ba haka aka yi ba. Ka yi haƙuri da tsawon takardar, na gaji da riƙe maganar a ciki ni kaɗai.

Ka san jujin gidanmu na Liba, wanda ke jingine da bayan ɗakin Inna, kusa da rariyar da ruwan tsakar gida ke fita. Tun muna ƙanana can ake zuba komai, sharar safe da ta marece, tokar murhu, ƙaiƙayi, da kashin awaki da ake sharowa daga turke. Mata ke tarawa, su ne da tsintsiya, su ne da duƙawa. In bazara ta kama sai Baba, Allah ya jiƙansa, ya shigo da jakuna da mangala a kwashe tas a kai gandu, har sai an ga ƙasar wurin ta yi fari. Ban taɓa jin an zauna an tsara wannan ba, haka muka tashi muka iske. Muddin abin yana cikin gida sunansa shara, na mata ne. Da ya hau bayan jaki ya ƙetare zaure ya koma taki, na maza. To da Baba ya rasu ka zo aka yi rabon gado a gabanka, aka raba gonaki da jakuna da rumbuna, kowa ya kama nasa. Babu wanda ya tuna da juji, ni ma da nake surutu yanzu ban tuna ba. Wa zai zauna gaban malamai ya ce a raba shara?

Da bazarar bara Yaya Sanusi ya ɗaura wa jakinsa mangala zai fara kwasa, sai ƙanenmu Labbo ya tare shi a bakin zaure. Labbo ya ce awakin matarsa A'i sun fi yawa a turke, don haka mafi yawan takin nasa ne. Yaya Sanusi ya ce shi ne babba a gida yanzu, kuma tokar da ke ciki daga murhun matarsa Kaltume ta fito, tunda ita ke girka wa Inna. Ka san yadda takin zamani ya yi wuyar samu, ga kowa ya rungumi noman albasa yana kallon mutanen Aliero, albasa kuwa ba ta yi sai da taki. Abin da dā ake roƙon mutum ya zo ya kwashe, shi ne ya zama abin kai ruwa rana. Suka kai magana gaban Baffa Ummaru, shi kuwa ka san halinsa, ba ya son ɓata wa kowa. Ya ce kada wanda ya taɓa jujin sai ka zo da Sallah ka raba musu. Ba ka samu zuwa ba, ban kuma ga laifinka ba, na san nisa da halin kasuwa. Amma tun daga ranar ƙannenka suka riƙe maganar Baffa gam, kowa na gadin juji don kada ɗan'uwansa ya ɗebi ko cikin kwano. Bazarar bara ta wuce, ta bana ma ta zo ta wuce, ba a ɗebi komai ba.

Abin da ba su lissafa da shi ba, Yaya, shi ne shara ba ta jiran a gama gardama. Gari na wayewa sai an share gida, awaki ba su daina kashi ba, murhu bai daina toka ba. Kaltume da A'i ba fita suke ba, ba kuma su da wani wurin zubawa, sai dai su ɗora bisa na jiya. Juji ya tashi har ya kusa kai rufin ɗakin Inna, in za su zuba sai sun taka sun hau. Ƙuda ba a magana, ɓeraye kuwa har da rana tsaka suke wasa, ɗiyan A'i suka yi ta fama da gudawa. Abin haushi, mazan nan biyu in sun shigo cin abinci sai su toshe hanci, su ce matan gidan nan ƙazamai ne, ba su iya gyara wuri ba. Rannan A'i ta gaji ta fara watsa sharar ranar ta bayan katanga. Maƙwabta suka yi ƙorafi, Labbo kuma ya shigo ya yi mata tatas, wai tana zubar masa da taki a titi don Yaya Sanusi ya fi shi kaso. Har wani duba-gari ya zo daga Maiyama, tunda aka ba mu jiha sun ɗan ƙara himma. Su biyun suna zaune a ƙofar gida suka ce masa su ba ruwansu da shara, sha'anin mata ne. Shi kuma ba shi da ikon shiga, sai ya tsaya a zaure yana ɗaga murya yana yi wa matan gargaɗi ta bayan bango. Kaltume ta ce mini ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta ci gaba da tankaɗenta.

Da ruwan bana ya zauna, gefen jujin ya zaftaro ya toshe rariya. Duk ruwan da aka yi sai ya kwanta a tsakar gida, baƙi ƙirin mai wari, matan su tattare zane su yi ta kwarfa da ƙwarya suna zubawa ta zaure. Su buɗe rariyar da muciya yau, gobe ta sake toshewa. Bangon ɗakin Inna ya yi ta shan ruwa ta baya, damshi ya huda har ciki, sannan tsaga ta fito daga ƙasa ta nufi sama, har hannu na shiga. Kaltume ta yi ta roƙon Inna ta koma ɗakin ita Kaltumen kafin a ga abin da za a yi, ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu duka, a nan aka yi jinyar Baba, ba za ta bar shi saboda shara ba. Wata mai tallan daddawa da ke zuwa kasuwar Jega ita ta kawo mini labari, na nemi izinin Malam na hau mota. Wallahi Yaya da na shiga gidan nan na ga inda uwarmu ke kwana, ko zama ban yi ba na fita neman mazan gidan.

Na sami Yaya Sanusi, na sami Labbo, kowa daban, sannan na haɗa su. Kowannensu ya rantse mini cewa da safiya ɗaya zai kwashe jujin nan in ɗayan ya sakar masa. Na ce to a raba mana, mangala ɗaya nan, mangala ɗaya can, har a gama. Kamar sun yarda, sai maganar sama da ƙasa ta taso. Ka san na ƙasa shi ne ya ruɓe ya yi baƙi ya yi laushi, shi albasa ke so. Na sama kuwa ɗanye ne, ga leda da ta cika gari yanzu, ga gwangwani da tsumma. Labbo ya ce in aka fara daga sama Yaya Sanusi zai san dabarar da zai yi na ƙasan ya faɗo a layinsa. Yaya Sanusi ya ce shi ba zai tsaya yana ƙirga mangala da yaron da aka haifa a gabansa ba. Na ce ku tambayi masu sharar mana, tunda su suka tara da bayansu. Suka dube ni kamar na yi saɓo, Labbo har da cewa ina ruwan mata da maganar taki. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira sunan Baba, duk a banza. Ƙarshenta dai suka koma kan cewa sai ka zo.

Inna na ɗaki tana jin duk abin da ake yi. Washegari da hantsi, lokacin da maza suka dawo daga kewayen gona suka cika dakalin ƙofar gida, sai na ga ta fito ta ɗaura ɗankwali tamau, riƙe da tsohon daron wankinta. Ta ce wa Kaltume ta cika mata shi da juji. Kaltume ta tsaya tana kallona, Inna ta ce ba da ni take magana ba, da ita take. Aka cika, aka aza mata a ka. Na ce Inna kawo in ɗauka, ta ce in ina so in nemo nawa. Tsohuwar nan da ko zuwa rijiya an hana ta, ta ratsa zaure ta fita gaban mutane, baƙin ruwa na ɗiga mata a wuya, ta taka a hankali har kududdufin bayan masallaci ta juye a ruwa, inda ba zai amfani kowa ba. Ta dawo aka sake cika mata. Ni ma na ɗauki kwando na bi bayanta, A'i da Kaltume na ciki suna cika mana suna share hawaye, don su iyakarsu bakin zaure. Wasu dattawa da ke dakalin nan suka tashi suka bar wurin don kunya.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Da 'ya'yanta suka taso da gudu, na ɗauka daron za su sauke mata. Ina! Labbo ya sha gabanta yana cewa haba Inna, wannan ai ɓarna ce, taki ne fa take zubarwa a ruwa. Yaya Sanusi kuma ya bi ta har bakin kududdufi yana lallashinta, wai in dai sai ta kwashe to ta riƙa juyewa a gindin katangarsa, shi zai ɗauka daga nan. Daron na kanta duk wannan magana ake yi. Ta kauce musu ta wuce ta juye. Sai da liman ya fito ya kira su gefe, ban ji abin da ya gaya musu ba, amma na ga Yaya Sanusi ya sunkuyar da kai yana murza hula. Kafin azahar labari ya gama Liba, har mutanen Gumbin Kure da suka zo wucewa sun tafi da shi. Da marece Inna ta kwanta, wuya da baya suka riƙe, na yi ta gasa mata da ruwan zafi.

Kunyar gari ta yi abin da roƙona bai yi ba. Da safe sai ga su da jakuna, kowa da nasa, kowa da shebur da fartanya, ba mai yi wa wani magana. Babu batun rabo kuma, wanda ya riga ya ɗiba nasa ne. Maimakon su bi daga sama yadda Baba ke yi, sai kowa ya kama gefe guda yana rarake ƙasa, yana rige-rigen kai wa ga baƙin nan mai laushi. Mafi kyawunsa kuwa yana can manne da gindin bangon Inna. Kaltume ta leƙo daga madafa ta ce su yi a hankali, ƙasar da suke sara ta bango ce ba ta juji ba, damshi ne ya mai da su kala ɗaya. Mijinta ya ce ta koma ta ji da tukunyarta. Ashe bangon ya daɗe da mutuwa, jujin da ya cinye shi shi ne kuma ke tallafe da shi. Bayan azahar kaɗan muka ji wani irin ƙara, bangon baya ya zauna, rufin ya biyo shi. Allah ya taƙaita, na riga na fito da Inna inuwar rumbu don ta sha iska, su ma suka yi tsalle suka tsira, jakin Labbo ne kawai ya ji ciwo a ƙafa. Randarta ta fashe, gadon ƙarfenta ya lanƙwashe, kwanukan da ta jera tun na aurenta duk suka lotse. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta tambaya ko akwai wanda abin ya danne. Aka ce babu. Ta ce alhamdu lillahi, a miƙo mata buta.

Ba a gini da damina, ka sani, don haka na taho da ita Jega. Kafin mu hau mota su biyun suka durƙusa gabanta, suka yi alkawarin da ruwa ya ɗauke za su kwaɓa ƙasar tsohon ɗakin su tayar mata da shi a inda yake. Da wannan alkawari take zaune. Ba ta saba da zaman gari ba, ɗakin da na ba ta kusa da titi yake, ƙarar manyan motoci na hana ta sakewa. Kullum da sassafe sai ta riga ni ɗaukar tsintsiya, in na karɓe ta yi fushi, in ta gama kuma ta tsaya da shara a hannu tana tambayata ina ake zubawa, don mu nan ba mu da juji, sai dai a ba masu zuwa bola. Ta rame, Yaya, ba don rashin abinci ba. Tun da aka yi ruwan ƙarshe take lissafin gini. In ta ga wani daga wajen Maiyama ya shigo gaida Malam sai ta aika a tambaye shi ko ya ga ana buga tubali a gidanmu. Ta ce tana so ta yi azumin bana a ɗakinta.

Makon jiya na ce bari in je in gano da idona, na ce mata zan je dubiyar wata ƙawata a Sarandosa. Na shiga gida na iske wurin ɗakin fili fetal, ko tudun ƙasa babu. Na tambayi Kaltume ina ƙasar ginin, ta kasa haɗa ido da ni. A'i ce ta gaya mini. Wai wani ya ce musu ƙasar tsohon ɗaki, wadda ta sha hayaƙi da damshin juji shekara da shekaru, ta fi kowane taki kyau ga albasa. Da lokacin dashe ya zo sai suka kwashe ta a mangala suka kai fadama. Wannan karon ko gardama ba su yi ba, sun raba daidai cikin lumana, azarar ma an raba. Ɗakin da aka haife ka yana can shimfiɗe a gonar albasa ana ba shi ruwa. Ban gama jin wannan ba sai idona ya kai kusurwar da gadon Inna yake dā, na ga toka da ƙaiƙayi da kashin awaki an fara tarawa. Matan suka ce ba yin kansu ba ne, mazan ne suka ce a riƙa zubawa nan tunda fili ne, ya fi nisa da rariya, kuma kowa na iya ganinsa daga ƙofarsa. Na nemi ƙannenka, aka ce suna fadama. Ban bi su ba, don na san in na buɗe baki a ranar abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Na juyo ko ruwan gidan ban sha ba.

Yaya, ni mace ce, kuma a gidan wani nake, maganata ba ta wuce zaure a Liba, na gwada na gani. Kai suke jira tun farko, ko kuma da sunanka suke fakewa, Allah ne masani. Ina roƙonka don girman Allah ka zo kafin azumi, ko ka bi motar albasa ne in ta juyo. In zuwan ba zai yiwu ba, ka rubuto wa Baffa Ummaru da kakkausar murya, ka ce a kwashe abin da aka tara a wurin nan, a nemo ƙasa ko daga ina ne a tayar da ɗakin tun ana samun ruwan kwaɓi a kududdufi. Kada ka ce a jira ka, don Allah kada ka sake cewa a jira. Ba na ƙin zaman Inna wurina, Malam ma bai taɓa nuna gajiya ba, ko shekara nawa za ta yi mai ɗauka ne. Ita ce ba ta nan, jikinta kawai ke Jega. Da na dawo ta tambaye ni ko na biya ta gida, na ce mota ba ta tsaya ba. Ban san ranar da zan iya gaya mata ba, ban kuma san bakin da zai riga ni ba, tunda mutanen Liba ba sa rabuwa da kasuwar nan.

Ka gaishe mini da Yaya Rahama da kyau, ka ce ina nan ina cin man ja da ta aiko, Allah ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Naziru da Iklima, Allah ya raya su ya sa su ji ƙanku. Ka gai da Kalilu ɗan Baffa in kuna haɗuwa a kasuwa, ka ce mahaifiyarsa na cigiyarsa. Malam yana gaishe ka, yara suna gai da Kawunsu. Kaltume da A'i ma sun ce in na rubuto in sa gaisuwarsu, su kam ba su da laifin komai.

Inna na zaune kusa da ni yanzu tana tsince wake, ta ga ina rubutu ta tambaya ko wa nake rubuta wa. Ka san ba ta kama sunanka. Ta ce in gaya wa mutumin Kudu tana sa masa albarka, kuma in zai taho ya sayo mata yadin labule mai kauri, wanda ba ya kama datti, don ƙofar sabon ɗakinta. Na ce mata zan rubuta, ga shi na rubuta.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Zaituna.